Waƙoƙin tuba na mawaƙan kantiri a Amurka: gaskiya ce ko kasuwa?

Direban_Tirela:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi nan. Shekara shida ke nan ina jan tirela a Amurka, kuma hanyata kusan kullum ɗaya ce: in ɗauko kaya a Columbus ta jihar Ohio, in gangara Kentucky da Tennessee, in juyo. Idan ka shiga cikin duwatsun nan, duk inda ka murɗa rediyo, ko dai kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkararsu, ko wa'azin coci. Da fari kashewa nake yi in sa karatu ko Shata. Sannu a hankali kunne ya saba, Turancin nan nasu na hanci ya fara shiga.

Abin da na lura shi ne, waɗanda ke tashe yanzu, musamman masu gauraya kantiri da jitar lantarki irin ta rok, labari ɗaya suke ta juyawa: na sha, na lalace, na kwana a gidan yari, na sa uwata kuka, ga ni ina lallaɓowa. Akwai wani ƙato mai zane-zane har a fuska, Jelly Roll, a wata waƙarsa cewa yake shi ba ya tuna Ubangiji sai ta ƙure masa, to da wane ido zai ɗaga hannu. Ranar da na fara gane abin da yake faɗa sai da jikina ya yi sanyi. Amma da na ji na biyu, na ji na uku, na ji na goma, duk a kan layi ɗaya, sai zuciyata ta fara raya mini wani abu. Shin tuba ce ta gaskiya, ko dai sun gano tuba tana da kasuwa?

Dan_Kurmi77:
Kasuwa ce malam. Bature ko kuka zai yi sai ya yanka tikiti.

Maman_Ilham:
Hhhh Dan Kurmi ka fara ko. Ni dai kantirin da na sani na Don Williams ne, wanda babanmu ke sawa a 504 ɗinsa in za mu Jos hutu. Ban taɓa jin maganar ƙwaya a ciki ba, soyayya ce kawai da natsuwa.

Malam_Tukur_Samaru:
Maman Ilham, Don Williams ai shi ne salihin cikinsu, shi ya sa iyayenku suka so shi. Amma gidan da ya fito, giya da coci ne suka haɗu suka gina shi. Direba, abin da kake ji ba sabo ba ne. Hank Williams, wanda dukkansu ke ɗauka uba, shi ya rubuta I Saw the Light, waƙar coci da har gobe ake rufe taro da ita. Shi ɗin dai a 1952 aka kore shi daga Grand Ole Opry, babban shirin kantiri na rediyo a Nashville, saboda maye da ƙin zuwa wasa. Ranar 1 ga Janairun 1953 aka tarar ya mutu a kujerar bayan motarsa ana hanyar kai shi wasa, yana da shekara 29.

Ko ɗakin da ake yin shirin a wancan lokacin, Ryman, asalinsa coci ne. Wani attajiri mai jiragen ruwa, Thomas Ryman, ya je wa'azin wani fasto mai suna Sam Jones a 1885, wa'azin ya kama shi, sai ya gina wurin aka buɗe a 1892. Har yau a kan bencin coci ake zama a kalli wasa a can. Mutanen jihohin kudu sun tashi ne da al'adar mutum ya miƙe a gaban jama'a ranar Lahadi ya ba da shaida: da ni kaza ne da kaza, yanzu an cece ni. Ita mawaƙin ya ɗauko ya rataya mata jita.

Yaro_Mai_Jita:
Allah ya ƙara lafiya Baba Tukur. Ai Johnny Cash ma shekaru ya yi a kurkukun Folsom kafin ya shiryu.

Malam_Tukur_Samaru:
A'a ɗana, nan ka zame, kuma ba kai kaɗai ba. Cash bai taɓa zaman wa'adi ba. Kwana ɗaiɗai ya riƙa yi a hannun 'yan sanda, har da 1965 da aka kama shi a El Paso da ɗaruruwan ƙwayoyi cikin akwatin jitarsa. Folsom wasa ya je yi wa fursunoni a 1968, aka naɗa aka sayar. Wanda ya yi zaman gaske Merle Haggard ne, a kurkukun San Quentin, kuma yana cikin fursunonin da suka zauna suka kalli Cash da ya je can wasa. Ya fito a 1960, a 1972 Ronald Reagan, lokacin yana gwamnan Kalifoniya, ya yi masa afuwa.

Dan_Kurmi77:
To kun gani. Wanda bai yi zaman ba shi ya fi cin kuɗin kurkukun. Magana ta fito.

Nas_Hadiza:
Yaya Direba, ni ba ma'abociyar kiɗa ba ce, amma ina aiki a sashen gaggawa na wani asibiti kusa da iyakar Ohio da West Virginia, don haka masu sauraren waƙoƙin nan a kan gado nake ganinsu. Tambayarka ta "me ya sa yanzu" tana da amsa.

A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da ƙwayar kashe raɗaɗi mai suna OxyContin, aka tallata wa likitoci ita da cewa ba ta cika kama mutum ba. Yankin nan na masu haƙar kwal ne da masu aikin ƙarfi, kowa da ciwon baya. Likita ya rubuta, mutum ya sha, ciwo ya tafi, ƙwaya ta zauna. Kamfanin ya amsa laifi a kotu a 2007, ya sake amsawa a 2020, amma ɓarna ta riga ta auku. Da aka matsa wa likitoci suka rage rubutawa, mutane suka koma hiroyin don ta fi araha, daga nan fentanil ta shigo, wadda ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba yana kashe ƙato. A 2021 da 2022 da 2023, kowace shekara sama da mutum 100,000 ne suka mutu a Amurka ta hanyar shan ƙwaya fiye da ƙima. A 2024 ne aka samu sauƙi ya sauko wajen 80,000. West Virginia ta yi shekaru ita ce kan gaba in aka yi lissafi da yawan jama'a.

Abin da ya fi taɓa ni kakanni ne. Tsohuwa ta zo da jikoki uku, ka tambayi uwar yaran a ce ta rasu, uban yana tsare. To mawaƙin da ya fito daga cikin waɗannan mutane me kake so ya rera? Tyler Childers ɗan Kentucky ne, yana da waƙa da uba ke yi wa ɗansa nasiha ya riƙe aiki ya nisanci ƙwaya, kuma yana cikin jigogin wani bikin kiɗa, Healing Appalachia, da ake tara kuɗi don masu farfaɗowa. Kasuwa kam akwai, Dan Kurmi, ban musa ba. Sai dai masu sayen da yawansu sun binne wani.

Direban_Tirela:
Hadiza kin tuna mini. Hunturun bara na tsaya shan mai wajen ƙarfe biyun dare a wani ƙauye a Kentucky. Na shiga banɗaki sai na ga wutar ciki shuɗiya ce, ko fuskarka ba ka gani sosai a madubi. Na tambayi yarinyar da ke kan kanta, ta ce don kada masu allura su ga jijiya. Ban gama biyan kuɗin shayina ba wani ya shigo a guje, wai abokinsa ya sanƙare a mota. Yarinyar nan, wallahi ba za ta wuce shekara ashirin ba, ko gezau ba ta yi ba. Ta jawo wani ɗan farin abu daga ƙarƙashin kanta, ta fita ba rigar sanyi, ta fesa masa a hanci. Leɓensa ya riga ya canza launi. Bayan kamar minti uku ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya tashi yana zaginta. Ta dawo ta ba ni canjina.

Nas_Hadiza:
Narcan ke nan. Tun 2023 ana sayar da shi ba sai da takardar likita ba. Zagin kuma haka suke yi, maganin yana yanke mayen ne gaba ɗaya lokaci guda, jiki ya ɗau ciwo.

Abu_Maryam:
Allah ya kyauta. Ni ba zan shiga hukuncin kiɗa ba, kowa ya san matsayata. Amma kalmar tuba da kuke ta amfani da ita tana da sharuɗɗa: ka daina, ka yi nadama, ka ƙudurce ba za ka koma ba, in akwai haƙƙin wani ka mayar. Babu inda aka ce ka hau dandamali ka ba dubban mutane labari. Hasali ma hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa duk al'umma ana yi mata afuwa ban da masu bayyanawa, mutum ya yi saɓo da dare Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye ya tona kansa. Wannan al'adar ta ba da shaida tasu ce, kamar yadda Malam Tukur ya faɗa. Kada mu yi sha'awarta har mu aro.

Barista_Zee:
Malam Abu Maryam, da girmamawa, ina ganin hadisin yana magana ne a kan mai bugun ƙirji da saɓo. Wanda ya ce jiya na sha na more, daban yake da wanda ya ce na sha na rasa komai, kada ku bi sawuna. Ko a wa'azi ai muna jin labarin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara.

Abu_Maryam:
Wancan wani ne ya ba da labarinsa, ba shi ya zagaya gari yana bayarwa ana biyansa ba. Amma na karɓi bambancin da kika kawo, niyya tana da nata gurbin.

Dan_Kurmi77:
Ku tambayi Direba, shi wannan Jelly Roll ɗin ya daina sha ne? Na ji an ce har yanzu yana kurɓawa yana busa wiwi. Tuban muzuru ke nan, kaza a baki.

Yaro_Mai_Jita:
Ba "an ce" ba ne, shi da bakinsa ya faɗa. Ya ce hodar iblis da kodin da ƙwayoyi ya bari, amma yana shan wiwi kuma yakan taɓa giya. Masu farfaɗowa da yawa a can ma suna sukarsa a kan haka. Amma tarihinsa ba ƙirƙira ba ne. Sunansa Jason DeFord, haifaffen unguwar Antioch a Nashville, 1984. Tun yana ɗan shekara 14 yake shiga yana fita, yana 16 aka kama shi da fashi aka yi masa shari'a a matsayin babba. Yana tsare a 2008 gandiroba ya zo ya gaya masa an haifa masa 'ya mace, ya ce daga ranar ya fara juyowa. Ya yi shekaru yana waƙar gambara yana sayar da faifai daga but ɗin mota. Waƙarsa Save Me ta 2020 ce ta buɗe masa ƙofa, a 2023 ya ci kyautar sabon mawaƙi ta CMA, ƙungiyar masu kiɗan kantiri, yana dab da shekara 39.

Abin da ya sa nake ɗaga masa ƙafa: ya sa kuɗinsa an yi ɗakin naɗar waƙa a gidan tsare yaran da aka taɓa kulle shi. Sannan a Janairun 2024 ya zauna gaban kwamitin Majalisar Dattawa a kan fentanil, ya ce shi tsohon dillali ne, da hannunsa a cikin ɓarnar, ya kwatanta masu mutuwa kullum da jirgin sama cike da fasinja yana faɗuwa kowace rana. Malam Abu Maryam ya ambaci mayar da haƙƙi. Wanda ya sayar wa unguwa guba, ta yaya zai mayar in ba ta irin wannan hanyar ba?

Maman_Ilham:
An ce ma gwamnansu ya yafe masa ko?

Barista_Zee:
E, gwamnan Tennessee Bill Lee, a Disambar 2025. Amma nan ne ni nawa ƙorafin yake, kuma ba irin na Dan Kurmi ba ne. A shekarun 1980 da hodar da ake kira kirak ta cinye unguwannin baƙaƙen fata, ba waƙar tausayi aka yi musu ba. Dokar 1986 ta ce giram 5 na kirak hukuncinsa ɗaya da giram 500 na garin hodar da masu kuɗi ke shaƙa, shekara biyar ba ragi. Aka kwashe samari aka cika gidajen yari. Da annobar ta shiga ƙauyukan fararen fata sai ta koma "cuta", aka fara maganar jinya da dama ta biyu. Ban ce kada a tausaya musu ba. Shi kansa Jelly Roll abin da yake faɗa da jita shi ya yi shekaru yana faɗa da gambara, rediyon kantiri ba ta san da shi ba. Akwai wanda in ya ce na tuba ake tafa masa, akwai wanda ko sauraro ba ya samu.

Yaro_Mai_Jita:
Anti Zee wannan gaskiya ne. Amma Direba, in kana son ka auna abin da kyau, bar rediyo ka nemi Jason Isbell. Shi ne ainihin kantiri rok ɗin. Ɗan Alabama ne, yana cikin ƙungiyar Drive-By Truckers har 2007 da suka rabu, giya na cikin dalilan. A farkon 2012 budurwarsa Amanda Shires, mai goge, ta haɗa kai da abokansa aka kai shi gidan jinya. Da ya fito ya yi kundin Southeastern a 2013. Waƙar farko a ciki, Cover Me Up, akwai ɗangon da yake cewa ya bar sha har abada, duk inda ya rera wurin sai ɗaki ya ɗauki sowa. Ka duba bidiyon wasansa a Ryman ɗin da Baba Tukur ya ambata, za ka ga manyan mutane da gemu suna share hawaye.

Abin da ya bambanta shi, bai tsaya a "an cece ni" ba. A 2020 ya yi wata waƙa da yake cewa har yanzu yana mafarkin yana sha, abin yana raguwa amma ba ya taɓa zama mai sauƙi. Kuma a ƙarshen 2023 ya shigar da takardar rabuwa da Amanda, matar da ta tsamo shi kuma ya aura. Ya bar giya, auren bai tsira ba. Mai neman kasuwa kawai ai a wurin sowa zai tsaya.

Ga kuma Steve Earle. Hiroyin ta kai shi gidan yari a 1994, ya fito ya tsaya da ƙafarsa, ya yi shekaru yana jan wasu. A Agustan 2020 ɗansa Justin Townes Earle, shi ma mawaƙi, ya mutu yana da shekara 38, hodar da ya sha an gauraya ta da fentanil. Uban ya shiga ɗakin naɗi ya rera waƙoƙin ɗan ya fitar da kundi. Ni dai ban iya kiran wannan kasuwa ba.

Dan_Kurmi77:
Kyauta ya raba kundin?

Maman_Ilham:
Kai Dan Kurmi ka ji tsoron Allah mana.

Ba_Suna:
Salam. Na daɗe a zauren nan da wani suna, na buɗe wannan ne don maganar nan. Ku yi haƙuri da tsawo.

Ni kodin na sha, shekara bakwai. A makaranta na fara, lokacin jarrabawa, aboki ya juye mini rabin kwalba a robar lemo. Ba wari, ba tangaɗi, kana zaune a falo da robarka Hajiya na kallon talabijin ba ta san komai ba. Na kai kwalba huɗu a rana. Da aka hana shi a 2018 bayan rahoton BBC, ba daina samu muka yi ba, tsada ya yi, sai na fara ɗaukar abin gida. Ranar da ba zan manta ba, na dawo na tarar da Hajiya zaune a bakin gado da akwatin sarƙarta a buɗe a cinya. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ka ci abinci kuwa?" Da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na daina sau biyar ina komawa ruwa. Wannan karon yau kwana 431. Ina rubutawa a bayan kalanda.

Abin da ya sa na yi magana: duniya ba wanda ya san lissafin nan sai ni. A gida an ce wa dangi taifod na yi. Na nemi aure, da aka zo bincike wani a unguwa ya ce "ai ɗan ƙwaya ne", magana ta mutu, alhali lokacin ina wata tara ban taɓa ba. Turancina bai kai in gane waƙoƙin nan ba sai da rubutu. Amma da Yaro ya ce mutum ya faɗa a gaban jama'a cewa ya daina aka yi masa sowa, sai da na ajiye wayar na ɗan zauna. Malam Abu Maryam, na yarda da rufin asiri, shi ya sa ma na ɓoye suna. Sai dai wani lokacin rufin yana yi mini kamar an rufe ni da abin a ɗaki ɗaya an tafi da makulli.

Nas_Hadiza:
Allahu akbar. Ƙanena, 431 ba wasa ba ne, Allah ya ƙara maka ƙarfi. Lissafin kwanan da kake yi a kalanda, shi suke yi a nan. Ƙungiyar mashaya masu ɓoye suna, AA, da aka kafa a Akron ta nan Ohio a 1935, ɗan ƙarfe suke ba mutum kamar kwabo in ya cika wata ɗaya, wata uku, shekara. Kuma ka lura, su ma a ɓoye suke yi, sunan farko kawai ake faɗa, abin da aka ji a ɗakin a nan ake barinsa. Mawaƙan ne kawai ke fitowa fili.

Abu_Maryam:
Ɗan'uwa Ba Suna, Allah ya tabbatar da kai, ya sa ka gama da Hajiya lafiya. Wanda ya tuba daga zunubi kamar wanda bai yi ba ne, kuma wanda ya ɓata maka aure da abin da ka bari zai amsa tambaya. Rufin asirin da nake nufi bai hana ka gaya wa likita ko wani amini da zai riƙe ka ba. Neman magani daban, talla daban. In ka ga dama ka yi mini magana ta gefe.

Maman_Ilham:
Na yi kuka wallahi. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, gidan mari aka kai shi, wata takwas. Ya dawo da tabon sarƙa a idon sawu, har yau ba ya sa silifa a gaban mutane, kullum da safa ko ana zafin Afrilu. Sati uku da dawowa ya koma. Da aka fasa wancan gidan na Rigasa a Kaduna a 2019 aka fito da mutum sama da 300, babanmu ko kallon labaran bai iya yi ba. Ba mugunta ta sa aka kai shi ba, ba mu san wani wurin ba ne.

Issoufou_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Abin da malama Hadiza ta faɗi na masu haƙar kwal, shi ne na 'yan kabu-kabu da masu dako a wajenmu da taramol. Ba don daɗi suke farawa ba, don a iya aiki tun safe har dare ne. Amma ni tambayata ga Malam Tukur: na ji an ce banjo ɗin da suke kaɗawa daga wajenmu ya tafi. Gurmi ne ko?

Malam_Tukur_Samaru:
Daga Afirka ta Yamma dai, bayi ne suka ƙera shi a can da ƙwarya da fata bisa abin da suka sani a gida. Masu bincike sun fi danganta shi da akontin, wani abin kaɗawa mai tsirkiya na ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya. Gurmi da molo dangi ne, amma kada mu yi saurin cewa namu ne. Tunda an zo nan, ku tuna mu ma Shata ya yi A Sha Ruwa, kuma kowa ya san ba ruwan randa yake nufi ba. Waƙar sha muna da ita. Waƙar wa'azi a kan shaye-shaye muna da ita, cike da rediyo. Wadda ban taɓa ji ba ita ce mawaƙi ya ce ni ne, ni na sha, ga abin da ya yi mini.

Barista_Zee:
Wa zai ba shi 'ya bayan nan, Baba? Binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya. Duk ɗan wani ne, amma a kowane gida taifod ake yi.

Dan_Kurmi77:
Ba Suna, Allah ya dafa maka, da gaske nake. Amma a kan Turawan nan ban sauka ba. Direba, faɗi gaskiya, bayan waƙar tuban me rediyon ke sawa?

Direban_Tirela:
Hhh ka kama ni. Waƙar wuski, wani lokacin ma tallar giya. Ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka fi tashe a 2024 ta mashaya ce, A Bar Song, ta yi sati 19 a saman jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Mai ita kuma Shaboozey, iyayensa 'yan Najeriya ne, Ibo, a Virginia aka haife shi. Ranar nan na ji su a jere, wannan na kiran a ƙaro kwalba, na bayansa na roƙon a cece shi.

Yaro_Mai_Jita:
Ai Baba Tukur ya faɗa tun farko, daren Asabar da safiyar Lahadi, mutum ɗaya ne ke zuwa duka biyun.

Direban_Tirela:
Ni dai har yanzu zuciyata biyu. Kamfanonin Nashville sun ga abin na sayuwa, yanzu yaro da bai taɓa kwana a sel ba sai ka ji yana ta kiran shaiɗanunsa da kurkuku, wannan kam ina jin ƙarya a muryar. Amma na saurari Isbell ɗin da Yaro ya ce jiya tsakanin Lexington da Knoxville, sau uku na maimaita. Ban sani ba ko don labarin Ba Suna na raina ne.

Ba_Suna:
432. Na gode muku duka, Malam Abu Maryam zan yi maka magana in na samu ƙarfin hali. Anti Hadiza, rashin barcin nan yana wucewa kuwa? Har yanzu sai ƙarfe uku. Yaro, waƙar nan ta mafarki, ko za ka fassara mini ita? Ni ma ina yinsa, in farka ina jin zaƙin a bakina.

Nas_Hadiza:
Yana raguwa, amma kada ka sayi maganin barci a kemis da kanka, ta nan da yawa suke komawa. Ka ga likitan ƙwaƙwalwa, ba sai mahaukaci ke zuwa wurinsu ba. Zan rubuto maka abin da za ka ce masa.

Yaro_Mai_Jita:
Zan yi maka da murya in turo ta gefe, rubutu ba zai ɗauke ta ba. Sai dai gobe in Allah ya kai mu, sun ɗauke wuta tun la'asar, cajina saura 4.